Tawakkali a Bayan Sitiyari

Da safiyar 22 ga Janairun 2018, wata motar kashe gobara na tsaye a kan babbar hanya mai lamba 405 a Culver City, jihar Kalifoniya ta Amurka, fitilunta na gargaɗi na walƙiya, ma'aikatanta na aikin agaji a wurin wani haɗari. A layin da ta tare, wata mota ƙirar Tesla na tafe a bayan wata motar, kuma ba ƙafar direba ke riƙe da gudunta ba, na'ura ce. Direban motar gaba ya hango abin da ke tsaye ya kauce zuwa layin dama. Nan take na'urar Teslar ta ɗauka hanya ta buɗe, ta fara ƙara wuta don ta koma gudun da aka saita mata tun farko. Ta daki bayan motar kashe gobarar tana gudun kusan kilomita 50 a sa'a. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahotonta a 2019, sai ya bayyana cewa babu abin da ya lalace a jikin na'urar. Aikin da aka ƙera ta don shi ta yi. Hasali ma littafin bayanin motar ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan hali ɗin kansa: mai yiwuwa ba za ta taka birki don abin da ke tsaye cak ba, musamman idan motar da ake bi ta kauce ta bar shi a fili. Hukumar ta ɗora laifin a kan direban da hankalinsa ya bar hanya saboda ya sakankance da na'ura, da kuma tsarin motar da ya ba shi damar yin hakan.

Tarihin irin wannan na'ura ba gajere ba ne. Ralph Teetor, wani injiniya ɗan jihar Indiyana da ya makance tun yana ɗan shekara biyar, shi ya ƙirƙiro na'urar riƙe gudu, kamfanin Chrysler kuma ya sa ta a motocinsa a 1958. Wannan ta farko ba ta san komai game da abin da ke gabanta ba. Gudun da aka ba ta shi take riƙewa. A shekarun 1990 kamfanonin Japan irin su Mitsubishi da Toyota suka fara ƙara mata ido, a 1999 kuma Mercedes ya fito da Distronic mai aiki da rada. Daga nan aka samu na'urar riƙe gudu da tazara: direba ya zaɓi gudun da yake so da ratar da za a bari tsakaninsa da motar gaba, ita kuma ta riƙa sassautawa ko ƙara wuta gwargwadon tafiyar wanda take bi. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya ya san hutun da wannan ke ba ƙafa da jiki. Ni'ima ce, babu dalilin musun haka.

To me ya sa na'urar da ke lura da ƙaramar mota tana tafiya za ta kasa lura da ƙatuwar motar kashe gobara a tsaye? Amsar na cikin yadda rada ke gani. Tana aika igiyar rediyo gaba, igiyar ta daki abu ta dawo, daga nan ta auna nisansa da saurinsa. Abin da ke motsi yana da sauƙin warewa. Amma hanya cike take da abubuwan da ba sa motsi: allunan alama, gadar sama, turakun fitila, ƙarafunan gefen titi, motocin da aka ajiye a bakin hanya. Da na'urar za ta taka birki don kowannensu, da tafiya ba ta yiwu ba, kuma birkin ba gaira ba dalili a tsakiyar babbar hanya shi kansa haɗari ne ga na baya. Don haka masu ƙira suka koya mata ta yi watsi da mafi yawan abin da ke tsaye idan ana gudu sosai. Sababbin motoci na haɗa rada da kyamara, sun kuma rage matsalar, amma ba su kawar da ita ba. A Fabrairun 2024, a San Antonio ta jihar Tekzas, wata Ford Mustang Mach-E da ke tafiya da tsarin BlueCruise ta afka wa wata mota da ke tsaye a kan hanya cikin dare, mutumin da ke cikinta ya rasu.

Akwai sauran iyakoki. Birkin da aka yarje wa na'urar ta taka bai kai cikakken ƙarfin birkin motar ba. Kwana mai kaifi na iya sa ta rasa motar da take bi. Ruwan sama mai ƙarfi, da laka, da ƙura suna rufe mata ido. Mota kuwa a gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka wanda ya duba waya na daƙiƙa uku ya shafe fiye da mita 80 ba tare da mai kallon hanya ba.

A nan ne maganar ta bar hannun injiniyoyi ta koma ta malamai. Musulmi ya shiga mota, ya yi addu'ar hawa abin hawa, ya danna maɓalli, ya ɗauke ƙafa daga totur. Ga wa ya miƙa lamarinsa a wannan lokacin?

Kowane ɗalibin ilimi ya san ruwayar Tirmizi daga Anas ɗan Malik game da mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Direba na iya cewa ai kunna na'urar shi ne ɗaurewar, ya riƙi sababi. Amma riƙon sababi ba ya cika sai mutum ya san abin da sababin zai iya da abin da ba zai iya ba. Wanda ya ɗaure dabba da igiyar da mai sayarwa ya faɗa masa ƙarara cewa tana tsinkewa a wuri kaza, shi kuma bai ko saurari bayanin ba, bai yi abin da aka umarce shi ba. Iyakokin wannan na'ura ba gaibu ba ne. A rubuce suke, shafi bayan shafi, a littafin da ke zuwa tare da motar.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa wannan batu zurfin kallo a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumiddin. Ya misalta mai tawakkali da mutumin da ya ɗauki wakili a shari'a, ya nuna cewa zuciyarsa ba za ta natsu da wakilin ba sai ya gamsu da abubuwa huɗu: cikar sani, da cikar iko, da cikar iya bayani, da cikar tausayi. Sannan ya kasa dogaro gida uku: irin na mutum ga wakilinsa, da irin na jariri ga mahaifiyarsa, da mafi ɗaukaka, irin na gawa a hannun mai yi mata wanka. Manufarsa ita ce waɗannan siffofi ba su cika ga kowa ba sai ga Allah, don haka cikakkiyar sakankancewa haƙƙinsa ce shi kaɗai. Idan aka auna na'urar da wannan ma'auni, ta faɗi tun a matakin farko. Saninta ya tsaya ga nisa da gudu. Ikonta a kan birki an taƙaita shi da gangan. Bayaninta ƙara ce ta 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ma bayan dama ta wuce. Tausayi kuwa babu maganarsa. Yaron da ya tsallaka titi da kwalin da iska ta kwaso duk lissafi ne a wurinta. Duk da haka ana samun masu ba ta dogaro na mataki na uku. A Mayun 2016, kusa da Williston a jihar Filorida, wata Tesla da aka saita a gudun kilomita 119 ta shige ƙarƙashin tirelar da ke ƙetare hanya, direban ya rasu. Bincike ya nuna a cikin minti 37 da tsarin ya yi yana aiki, daƙiƙa 25 kawai motar ta ji hannunsa a sitiyari. Wannan ba tawakkali ba ne, ajiye amana ne a inda ba a karɓar ajiya.

Fiƙihun Malikiyya bai bar wannan fage fayau ba, ko da yake da dabbobi ya yi magana. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Kano har Damagaram, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke kora ta, da wanda ke jan ta, da wanda ke kanta. Doki yana da ido da ji, yana kauce wa rami da kansa, yana iya tsayawa ba a ja linzami ba. Duk da haka malamai ba su sauke alhaki daga wuyan mahayi ba, domin shi ne baligi mai hankali da shari'a ke magana da shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta bi wannan asali a kan haɗurran mota: bin dokokin hanya wajibi ne, direba kuma shi ke da alhakin ɓarnar motarsa, sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon tunkuɗewa. Abin da littafin mota ya riga ya yi gargaɗi a kansa da wuya a sa shi cikin wannan togaciya. Idan rai ya salwanta, hukuncin kisan kuskure na nan da diyyarsa da kaffararsa, kuma rada ba ta azumin wata biyu.

Sai dai tsayawa a nan zalunci ne ga direba, domin akwai wata gaskiyar game da halittar ɗan Adam. A 1948 masanin halayyar ɗan Adam Norman Mackworth, wanda ya yi nazarin masu gadin allon rada a Ingila, ya nuna cewa mutumin da aka sa kallon abin da ba kasafai yake canjawa ba, lurarsa na raguwa cikin rabin sa'a. A 1983 Lisanne Bainbridge ta ja hankali cewa duk sa'ad da na'ura ta karɓe sauƙaƙƙen aiki, takan bar wa mutum mafi wuya: ya zauna ba ya yin komai, amma ya kasance a shirye ya ceci lamari cikin ƙiftawar ido. Wani binciken cibiyar inshora mai nazarin lafiyar hanya a Amurka, wanda aka fitar a 2021, ya gano direbobi sun fi yiwuwar wuce ƙa'idar gudu da kashi 24 cikin 100 idan na'urar na kunne. Wato kyawun aikinta ne ke jawo gafala. Addinin da ya tabbatar cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa ba zai kau da kai daga kamfanin da ya san wannan rauni, ya gina kasuwarsa a kai, ya tallata hutu da babbar murya, ya ɓoye gargaɗi a tsakiyar littafi ba. Malamai sun bambanta wanda ya aikata ɓarna kai tsaye da wanda ya yi sanadinta, sun kuma haramta rufe aibin haja. Kotunan Amurka ma sun fara raba alhakin. An gurfanar da direban da motarsa, na'ura na kunne, ta keta jar danja a Gardena ta jihar Kalifoniya a 2019 ta kashe mutum biyu, a 2025 kuma masu taimaka wa alƙali a Mayami suka ɗora wa Tesla kashi ɗaya cikin uku na alhakin wani haɗarin Filorida, ragowar a kan direban da ya sunkuya neman wayarsa. Rabon ya yi kusa da adalci: kamfani na da kaso, amma babban kason na wanda ke zaune a kujerar. Idan mutum ya san lurarsa na gushewa in ya kunna na'urar, to abin da ke kansa shi ne ya kashe ta.

Batun ya riga ya iso gida. Corolla ta 2017 da Camry da Accord na 2018 da aka sayar a Amurka sun zo da wannan tsari a matsayin kayan asali, kuma irinsu ne ke shigowa a matsayin na hannu. Da yawa sun sha karo kafin a loda su a jirgi. Radar tana zaune ne a gaban mota, sau da yawa a bayan tambarin kamfani, kyamarar kuma a jikin gilashin gaba. In an sauya bamba ko gilashi, sai an sake daidaita su da kayan aiki na musamman, in ba haka ba idon ya karkace. Dillalin da ya san an yi wa gaban mota aiki ya yi shiru ya shiga cikin alhakin. Sannan ga hanyar kanta. An horar da na'urar ne a titunan da ke da layuka da tsari, ba a inda tirela za ta lalace a bar ta a tsakiyar titi da 'yan ganyaye a matsayin alama ba, ba a inda garken shanu ke ƙetarawa da magariba, ko ɗan acaɓa ya ɓullo ta hannun da ba nasa ba, ko hazon hunturu ya rufe gari ba. Kusan duk abin da ta fi rauni a kansa shi ne abincin yau da gobe a hanyar Kano zuwa Zariya.

In haɗari ya auku, kalmar da ke saurin fitowa ita ce tsautsayi, haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne babu abin da ke faruwa a wajen ƙaddara. Amma ƙaddara abin rarrashin wanda musiba ta faɗa wa ne, ba hujjar wanda ya yi sakaci ba, kuma iyalan mamaci na da haƙƙin a tambayi direba ina idonsa yake. Ya kamata malamai su shigo da wannan mas'ala cikin karatun zaure da huɗubar Juma'a, makarantun koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su sa ta cikin darasi. Mai karatu kuwa da ke da irin wannan mota, kafin ya sake danna maɓallin nan, ya buɗe littafinta ya karanta shafukan gargaɗi, ko ya sa a karanta masa, ya kuma kai ta a duba ko radar na kallon inda ya kamata.