Kewar Wuri da Haƙƙin Masu Wuri

Kusan duk wanda ya taɓa tafiya yana da garin da zuciyarsa ta maƙale a ciki. Sau da yawa wuri ne da mutum ya yi mako guda ko wata guda ya wuce, amma bayan shekara 20 ƙanshin ƙasa a ruwan farko ya isa ya maida shi can. Hausa ba ta yi rowar kalmomi a nan ba: akwai kewa, akwai bege, akwai marmari. Dukkansu suna faɗin halin mai tafiya, babu wadda ta ce komai game da mutanen da ya baro. Shi ya sa nake so mu duba wannan tambaya: idan mutum ya ce yana son komawa inda ya taɓa jin daɗi, me yake nema daga mutanen wurin, kuma yana da haƙƙin nemansa?

Nawa wurin wani ƙauye ne a arewacin Agye, inda na yi hutun damina a gidan su abokin karatuna a ƙarshen shekarun 1990. Daga Maraɗi motar haya take ɗaukar mutum wajen kilomita 80 bisa kwalta, sauran tafiyar kuma a amalanke. Ina tuna aya sabuwar tono, da fura mai sanyi a ƙwarya, da tabarmar kaba da ake shimfiɗa wa baƙo ƙarƙashin bedi. Ina tuna duhun dare wanda babu fitilar da ta ɓata shi, da gaɗar ƴan mata a dandali idan wata ya yi haske. Abin da ya fi zauna mani shi ne amon daka da asuba, gida yana amsa wa gida, har sai ka ce garin gaba ɗaya ganga ɗaya ce.

To, mai karatu, a sake sauraren wannan amo. Abin da ya zo wa baƙo a matsayin kiɗa, mace ce da ta tashi tun kafin kiran salla, taɓarya a hannu, goyo a baya. Duhun da ya burge shi, shi ne duhun da ɗalibin ƙauyen yake bitar darasi a cikinsa da ƴar fitilar aci-bal-bal. Furar mai sanyi kuwa, wani ya ja ruwanta da guga daga rijiya mai zurfin gaba da yawa. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Yana kwasar daɗin safiya, rana ba ta same shi a wurin ba. Saboda haka matafiyin da ya koma ya tarar da injin niƙa da famfo da fitilar hasken rana, ya ce «an ɓata garin», ya kamata a tambaye shi: wa aka ɓata wa? A ganina akwai zalunci ɗan siriri a cikin irin wannan kewa, domin tana so wasu su dawwama cikin wahala don hoton da ke cikin kan wani ya tsira.

Ƙasar Agye ma tana da abin da za ta ba wa mai irin wannan tunani mamaki. Bayan farin 1984, manoman jihar Maraɗi sun fara barin tohon da ke fitowa daga kututturan gonakinsu, suna zaɓen rassa masu ƙarfi suna sassabe saura. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya taimaka wajen yaɗa dabarar, manoma kuma suka raɗa mata suna sassabin zamani. Ɗan Saga, a cikin gundumar Agye, ya yi suna a kanta, har mutanen garin suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar dabarar ta farfaɗo da eka ta Faransa wajen miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Sabara, kalgo, aduwa, da gawo mai zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani ya ciyar da bisashe. Wanda ya san waɗannan gonaki suna fili fetal, ana hango mutum tun daga nesa, idan ya koma yau zai iya rasa hanyar da ya sani, don itace ya rufe ta. Abin da ya sani ya tafi, kuma babu manomin da zai yi kukan tafiyarsa.

Ba kowane sauyi ne alheri ba, wannan gaskiya ne. Gonaki sun tsuke saboda rabon gado, samari da yawa sun bi hanyar Agadas da Libiya. Gazawa da muka sani cikin gundumar Agye ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da ofisoshinta da hayaniyarta. Amma masu ɗauke da nauyin waɗannan sauye-sauye, da daɗinsu da ɗacinsu, su ne mazauna wurin. Su ke da ta cewa.

Mu da muke koyar da Faransanci mun san wannan ciwo a wurin Camara Laye. A cikin L'Enfant noir, wanda ya fito a 1953, ya zana Kurusa da ƙauyen kakarsa da irin hasken da nesa kaɗai ke bayarwa, don a Faransa ya rubuta shi. A cikin Dramouss na 1966 kuwa, mai ba da labari ya koma Gine ya tarar da ƙasa cike da tsoro da rikicin siyasa. Laye kansa a gudun hijira ya rasu, a Dakar, a 1980. Nakan ce wa ɗalibaina su lura: rabin abin da littafin farko yake kewa ƙuruciya ce, ita kuwa ƙuruciya babu motar da ke zuwa can. Mai son komawa sau da yawa kansa yake nema, yana ɗan shekara 18, iyayensa da rai, gwiwarsa ba ta ciwo. Garin ba shi da laifi idan bai ajiye masa wannan ba.

Duk da haka ban ce kada a koma ba. Al'adarmu ta riga ta tanadi hanyar komawa mai mutunci, ita ce ziyara. An ce zumunta a ƙafa take. Bambancin mai ziyara da mai yawon buɗe ido yana cikin tambayar da kowannensu ke fara yi. Ɗaya zai ce: bedin nan yana nan? Ɗayan zai ce: ina tsohuwar da ta dama mana fura? Idan an ce ta rasu, sai ya zauna ya yi gaisuwa, ya nemi jikokinta, ya miƙa tsarabarsa. Ya karɓi garin yadda ya same shi, da injinsa da wayoyinsa, saboda mutane ya zo gani, mutane kuma ba su tsayawa wuri ɗaya. Ƙungiyoyinmu na al'adu da ke shirya wa ɗalibai tafiye-tafiye za su amfana da wannan: a bar yara su zauna da manomi ya gaya masu abin da ya sauya da dalilinsa, kafin a jera su gaban tsohon gini a ɗauki hoto.

Akwai kuma kewar da ta fi ta matafiyi nauyi nesa ba kusa ba, kuma a yammacin jiharmu take zaune tun da daɗewa. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri a bakin gulbi, cikin gundumar Gidan Rumji ta yau. Maƙwabtansu Katsinawa, da suka zauna Maraɗi tare da Ɗan Kasawa, sun shafe ƙarni na 19 suna kai hari da burin komawa birninsu, har yau kuma sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Ba su koma ba. Suka ɗauki sunan, da sarautu, da tambura, suka dasa a sabuwar ƙasa, har jikokinsu suka wayi gari ba su san wani gida ba sai nan.

A 2019 tarihi ya sake bi ta wannan hanya. Dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, da yawansu daga yankin Sabon Birni, wato Gobirawa ne su ma, suka tsallako iyaka zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga. Ƙauyukan bakin iyaka suka buɗe masu zaure da rumbu, daga baya aka matsar da wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Idan ɗaya daga cikinsu ya ce yana son komawa, gonarsa yake nufi, da kabarin mahaifinsa. Shi ma kansa, ranar da Allah ya nufa ya koma, ba zai tarar da garin da ya bari ba.

Yaran da aka haifa a waɗannan ƙauyuka a shekarar farko sun kai shekarun shiga lakwal. Wasu abokan aikinmu su ke koya masu baƙaƙe yanzu. Iyayensu suna ba su labarin wani gari a kudu, su kuwa rijiyar da suka sani, da dandalin da suka yi wasa, da bishiyar da suka hau, duk a nan suke. Ranar da iyalin za su ɗaure kaya su nufi gida, uwa za ta juya baya ga wurin da ta yi baƙunci, ɗanta kuma zai riƙa waiwaye.