HUKUNCIN GIYA ƊAYA NE, AMMA TA FI SAURIN KARYA MACE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu hankali, Ya kuma umurce mu da kiyaye shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, Allah Ya haramta giya daki-daki. Ya bayyana rinjayen zunubinta a kan amfaninta cikin Suratul Baƙara aya ta 219, Ya hana yin salla cikin maye a Suratun Nisa'i aya ta 43, sannan Ya yanke haramcinta a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Wannan hukunci ya hau kan namiji da mace daidai wa daida. Amma ɓarnar da giya ke yi wa jikinsu ta bambanta. Wajibi ne mu san haka, domin ko da yake mafi yawan ƴan Nijar ba su shanta, dokar ƙasa ba ta hana sayar da ita ba, kuma gidajen shanta a buɗe suke a nan Yamai.

Maza su ne suka fi sha, su ne kuma suka fi mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2024 cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019: maza miliyan 2, mata dubu 600. Kuma in magidanci ya sha, iyalinsa ke biya. Kuɗin cefane ya tafi, duka ya shigo gida, wani lokaci har da saki cikin maye.

Ita kuwa mace, kaɗan ke karya ta. Giya tana narkewa ne cikin ruwan jiki, ruwan jikin mace kuma bai kai na namiji ba. Saboda haka in suka sha mudu guda, ko da nauyinsu ɗaya ne, ƙarfinta cikin jinin mace ya fi yawa. A 1990 wasu likitocin Italiya da Amurka suka nuna cewa tumbin mace bai kai na namiji rage ƙarfin giya ba kafin ta shiga jini. Shi ya sa hantar mace kan lalace da sha kaɗan, cikin shekaru kaɗan. Ga shi kuma ciwon hanta mai lamba B ya yawaita a ƙasashenmu, giya kuwa tana ƙara masa wuta.

Sai sankara. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa giya cikin abubuwan da ke haddasa ta tun 1988, a 2007 kuma ta tabbatar da alaƙarta da sankarar mama. Wannan ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijar.

Mafi ban tausayi shi ne ɗan tayi. Abin da mai ciki ta sha yana isa gare shi ta mabiyiya, alhali hantarsa ba ta ƙosa ba. A 1968 wani likitan yara a birnin Nant na Faransa, Pol Lemuwan, ya ba da bayanin yara 127 na iyaye mashaya: ƙarancin girma, canjin kamannin fuska da raunin ƙwaƙwalwa. Irin wannan rauni ba ya warkewa. Yaron bai sha ba, bai zaɓa ba, amma shi zai ɗauki kayan har ƙarshen rayuwarsa.

Ya ku ƴan'uwa, akwai laifin da ke wuyanmu. Namiji mashayi mukan ce jarraba ce, mu yi masa addu'a. Mace kuwa sai mu yanke mata ƙauna, mu yi ta yamaɗiɗi da ita. Sai ta ɓoye, ta ƙi faɗa wa ungozoma ranar awon ciki, ta ƙi zuwa asibiti har ciwo ya ci ƙarfinta. Imamu Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka yi ta kawowa saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, ba a kore shi daga jama'a ba. Ƴar'uwarmu da ta faɗa wannan rami ta cancanci irin wannan rahama.

Don haka wanda ya san da mai sha a gidansa, ya rufa asiri, ya yi nasiha da taushi, ya kai shi ga likita, domin wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya bari farat ɗaya, yakan kamu da makyarkyata da farfaɗiya mai iya kisa. Malamai mata su yi wannan bayani a makarantun Islamiyya. Magidanta kuma su fara da kansu, gama abin da babba ya yi shi yaro ke kwaikwayo.

Allah Ya karɓi tuban masu tuba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana zuriyarmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.