Tambarin Gargaɗi a Kan Waƙoƙi da Hakkin Mai Sayarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi zai tarar da rumfunan masu tura waƙoƙi a waya, inda yaro zai miƙa memori da 'yan kuɗinsa a cika masa ita da ɗaruruwan waƙoƙi cikin ɗan lokaci. Daga nan waƙar sai ta bi aljihun fatake da direbobi ta ƙetare zuwa Birnin Ƙonni a Jumhuriyar Nijar, ba tare da ma'aikacin kwastan ya tsayar da ita ba. Tambayar da ta dace a yi ita ce, wa ke da alhakin sanar da mai saye idan akwai batsa a cikin abin da aka tura masa?

Ita wannan matsala an daɗe da fara kai ruwa rana a kanta a Amurka. A shekarar 1985 wata mata mai suna Tipper Gore, wadda a lokacin mijinta ɗan majalisar dattawa ne, ta haɗa kai da waɗansu mata suka kafa ƙungiyar iyaye, bayan ta ji irin kalmomin da ke cikin wani faifan mawaƙi Prince da ta saya wa 'yarta. Suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka fi muni a ganinsu, majalisar dattawa kuma ta saurari ba'asin kowane ɓangare a watan Satumba na wannan shekara. Zuwa watan Nuwamba kamfanonin faifai suka amince za su riƙa sa gargaɗi, a 1990 kuwa aka tsayar da tambari guda, baƙi da fari, wanda ake bugawa a kusurwar bangon faifai ko kaset don jan hankalin iyaye. A yau manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify da Apple Music suna sa harafin E a gefen sunan waƙar da ke da zagi ko batsa ko kwaɗaitar da shaye-shaye.

Abin lura shi ne, ba doka ce ta tilasta wannan tambari ba. Mawaƙi da kamfaninsa su ne ke duba waƙarsu su yanke ko za a sa shi, watau mai haja shi ke faɗin aibin hajarsa. A Nijeriya kuwa hanyar hani aka fi bi. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, takan hana sa waƙa a iska, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001. Amma duk waɗannan hannunsu ba ya kai wa ga memorin da ke aljihun yaro a Illela, domin da zarar an kwafo waƙa daga intanet an tura ta, tambarin ya faɗi, sai murya kaɗai ta rage. Har ila yau, batsar Bahaushe sau da yawa a cikin zaurance da habaici take, ta yadda wanda bai san harshen ba ba zai ga abin sa wa alama ba, alhali kuwa yaron unguwa ya gane sarai.

Musulunci ya riga ya yi bayanin wannan hakki tun da daɗewa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, sai ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya nisanta mai algus daga kansa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta hana ɓoye aibin haja, ta kuma hana Musulmi ya saurari ɓarna da gangan. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta nuna cewa ji da gani da zuciya duk za a tambayi mutum a kansu.

Wannan ba ya nufin kowace waƙa abin ƙi ce. Hassanu ɗan Sabitu ya kare Annabi da waƙa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u kuma da waƙa suka karantar da jama'ar ƙasar Sakkwato addini. Saboda haka ake bukatar rarrabewa, don kada a haɗa tsaba da tsakuwa a mudu ɗaya. Sai dai a sani cewa tambari ba ya halatta haram. Faɗin aibi yana wanke mai sayar da abin da asalinsa halal ne, batsa tsagwaronta kuwa ko an manna mata gargaɗi goma kuɗinta ba su tsarkaka ba.

Don haka wajibi ne ga mai tura waƙoƙi ya saurari abin da yake sayarwa kafin ya tura, ya goge na batsa daga kwamfutarsa, ya ware waƙoƙin biki da na soyayya daga karatu da wa'azi, ya kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki, musamman idan yaro ne. Direban da ke ɗauko mata da yara daga Sakkwato zuwa Illela ya san cewa kunnuwan fasinjojinsa amana ce. Uba kuwa makiyayi ne da za a tambaye shi game da abin kiwonsa, saboda haka ya kamata ya karɓi wayar ɗansa lokaci lokaci su saurara tare, ya yi masa nasiha cikin lalama.

Allah Ya tsare kunnuwan Musulmi da harsunansu daga alfasha, Ya sa albarka a cikin neman halal, amin.