Adon Azurfa da Amanar Maƙeri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ci kasuwar Baleyara ran Lahadi ya ga zobba da awarwaro da munduwa a shimfiɗar maƙeran fari, suna ƙyalli. Amma idon mai saye iyakarsa saman ƙarfe. Abin da aka narka a ciki, sai maƙeri da Ubangijinsa. Shin haɗa azurfa da wani ƙarfe algus ne?

Azurfa tsantsa tana da taushi, sai an zuba mata jan ƙarfe take jure aiki. Liyarin da kakanninmu ke narkawa su yi ado, kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780, nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi ɗaya cikin shida jan ƙarfe ne. Duk da haka fatake sun karɓe shi daga Habasha har Kano, domin ma'auninsa sananne ne, ba ya sauyawa. Ashe haɗin halal ne. Ɓoye shi ne ha'inci.

Turawa sun sha fama da wannan. A shekarar 1300 Sarkin Ingila Edward na ɗaya ya kafa doka cewa ba a sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga musu hatimi, shaidar kashi 925 cikin 1000. Musulunci kuwa tun tuni ya ɗora wa muhtasibi binciken kasuwa, kuma Annabi (SAW) ya barrantar da mai algus daga jama'arsa.

Ku duba wanda cutar ke faɗa wa. A ƙasar Kurfai munduwar mace ita ce rumbunta na biyu. Ran da fari ya zo, irin na 1984, ita take kaiwa kasuwa ta auno hatsi. In aka ce mata rabinta tagulla ce, abincin 'ya'yanta aka sace tun ranar ƙira.

Don haka, ya kai maƙeri, yi zanenka iyakar gwaninta, domin Allah na son aiki kyakkyawa, sannan ka faɗi haɗinka kafin a yi ciniki. Inda babu hatimin hukuma, kalmarka ita ce hatimi.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, amin.