Wanda Ya Yi Wanka, Don Me Zai Wanke Ƙafa?

'Yan'uwa, ga tambayar da masu bi sukan yi: in jinin Yesu ya rigaya ya tsarkake mu, don me za mu riƙa furta zunubi kowace rana?

Ku duba Yohanna sura 13. A daren da aka bashe shi, Ubangiji ya zuba ruwa, ya wanke ƙafafun almajiransa. Bitrus ya ƙi da fari, daga baya ya roƙa a haɗa masa da hannu da kai. Yesu ya nuna masa wanda ya yi wanka ƙafa kaɗai ta rage masa. Wankan ceto sau ɗaya ne, ba a sake shi. Amma ƙafa kullum tana taka ƙurar duniya.

Ita ƙura ma da sauƙi, ana ganinta. Wani zunubin kamar ƙuduji yake. Kowane manomi ya sani tun yana ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar hatsi yana tsotsa. Kafin furensa ya fito, hatsi ya tsumbure. Haka riƙon ɗan'uwa a zuci saboda iyakar gona, haka ajiye mudu biyu, na saye da na sayarwa. Sai ka ga mutum ya shekara 20 da baftisma, ba ya fashin sujada, amma har yanzu mai shan nono ne, kamar waɗanda aka tsauta wa cikin Ibraniyawa sura 5.

Maigida, in kana gaba da ƙanenka, kada ka jira ranar Jibin Ubangiji. Ka furta wa Allah da daren nan, da safe ka tafi ƙofar gidansa. Ko shi ne ya ci maka iyaka, kai ka fara sallama.