Shin kallo ma aiki ne?

Ina kula da wata babbar kwamfuta mai aiki da Linux a wani ofis a Kano, inda ma'aikata ke tara fayilolinsu. Da ma'ajiyarta ta fara cika, sai na rubuta wani ɗan shiri: duk fayil ɗin da ya yi kwana 90 ba a karanta shi ba, a kwashe shi zuwa wani faifai. Wata uku shirin yana tashi kowace Lahadi, bai taɓa ɗauke ko guda ba. Mataimakina ya ce, "Oga, ko dai lissafin kwanakin ne ya kuskure?" Na duba, lissafi daidai yake.

Tun zamanin Unix, kowane fayil yana ɗauke da lokuta uku, ana ƙirga su da daƙiƙa daga 1 ga Janairu 1970. Akwai mtime, lokacin da aka sauya abin da ke ciki. Akwai ctime, lokacin da aka taɓa bayanan fayil ɗin kansa, kamar izini ko mai shi. Sai atime, lokacin da aka karanta shi na ƙarshe, wanda shirina ya dogara da shi. Da na sa umarnin stat, sai ga takardun da aka manta da su tun bara suna nuna cewa jiya da ƙarfe biyun dare aka karanta su. Na ɗaura strace a kan abin da ke tashi a wannan sa'a, ina kallon kiraye-kirayen da yake aika wa zuciyar tsarin, openat sai read, openat sai read, har dubbai. Shirin da ke ɗaukar kwafin ajiya ne, yana bin kowane fayil kowane dare.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne washegari. Akwai wata jaka da kwafin dare ba ya shiga, ita kaɗai ce shaidar da ta rage ta yadda mutane ke karatu da gaske. Ina neman wata kalma, na sa grep ya ratsa ta, nan take lokutan karatun fayilolinta duka suka koma na ranar. Na yi ƙoƙarin mayar da wasu da touch, wanda ke kiran utimensat. Lokacin karatu ya koma baya, amma ctime ya yi tsalle zuwa daƙiƙar da na yi gyaran, domin babu kiran da ke ba mutum damar rubuta masa abin da ya ga dama. Na duba, dubawar ta bar sawu. Na share sawun, sharewar ma ta bar nata.

Mu kan ce "kallo kawai na yi", kamar ido ba ya aikata komai. Waɗanda suka gina Unix ba su ɗauka haka ba, sun ba karatu gurbi a rajista daidai da rubutu. Addininmu ya riga su da nisa: aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sa ji da gani da zuciya cikin abin da za a tambayi bawa a kansu. Na san ayar tun ina yaro, amma sai a gaban allon nan na ji nauyinta a jikina.

Sai dai rajistocin biyu, ta na'ura da ta Ubangiji, sun rabu a wani wuri da ya daɗe yana cina. Rubuta kowane karatu yana wahalar da faifai, don haka tun fitowa ta 2.6.30 a 2009 Linux ya mayar da relatime al'adarsa: ana sabunta atime ne idan an sauya fayil bayan karatun baya, ko kuma idan yini guda ya wuce. Ma'ana, na'ura tana rubuta kallon farko, ta kau da kai daga na biyu da na goma a cikin yinin. Malamanmu kuwa, bisa hadisin Jarir ɗan Abdullahi da ke cikin Sahihu Muslim, sun koya mana cewa kallon ba-zata ba a kama mutum da shi, wanda ya maimaita da gangan shi ne abin tambaya. Sassaucin na'ura ya fito ne daga gajiyar ƙarfe. Na Ubangiji ya fito daga sanin niyya, abin da babu gurbinsa a cikin fayil. Shi ya sa kwamfutar ta kasa bambanta shirin dare da ke hadiye takardu bai san me suka ƙunsa ba, da ma'aikacin da ya buɗe takardar albashin abokinsa don ya gani. Duka read ne a wurinta.

Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba. Na sa shirin kwafin ya riƙa buɗe fayiloli da tutar O_NOATIME, wadda ake ba mai fayil ko mai cikakken iko kaɗai, ya karanta ba tare da an rubuta ba. Ina da wannan ikon a kan takardun mutum fiye da arba'in. Da na gama, na kira mataimakina muka zauna muka rubuta a takarda waɗanne jakunkuna ne ni da shi ba za mu buɗe ba sai mai su yana tsaye a wurin.