Cinikin da na yi a gindin dogon yaro



Duk wanda ya saba sallar Azahar a ɗan masallacinmu na bayan layi ya san dogon yaron nan da ya daɗe yana yi mana inuwa. Ba mu muka dasa shi ba. Tarar da shi muka yi, kamar yawancin itatuwan gefen titunan Wuse, waɗanda aka dasa tun ana gina unguwar a shekarun 1980, kafin gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Ya doshi shekara 40, ya zarce bene mai hawa uku. Da aka zo gyaran magudanar ruwa aka datse masa saiwoyi ta gefe ɗaya, aka shafe gindinsa da siminti, gara kuma ta samu hanya ta shiga cikinsa. Iskar farkon daminar bara ta karkatar da shi, ya sunkuya kan wayar wuta da rufin maƙwabcinmu. Maƙwabcin ya same ni har shago a kasuwar Wuse ya ce, "Liman, 'ya'yana fa a ɗakin nan suke kwana."

Ba yadda za a yi a bar shi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun yi bayani a kan katangar da ta karkata: idan an gargaɗi mai ita, yana da halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗi ta yi ɓarna, shi zai biya. Itacen da ya sunkuya kan ɗakin mutane ɗan uwan wannan katangar ne. Kwamiti ya nemo izini daga sashen kula da lambuna na hukumar birnin tarayya, domin a Abuja ba a tashi haka kawai a sare itacen gefen titi. Sannan aka ɗora mini neman mai aiki, wai ni ne ɗan kasuwa, na iya ciniki.

Mutum biyu suka zo. Na farko dattijo ne. Ya zagaya itacen sau biyu, ya bubbuga gindinsa da bayan gatari yana saurare, ya ce cikinsa ya fara zama kogo. Ya ce zai zo da mutum uku, aikin kwana biyu ne, kuma sai an ɗauke wutar layin kafin ya hau. Ya faɗi kuɗinsa. Na taya rabi. Ya ce albarka, ya yi mini sallama ya tafi, bai ko waiwayo ba. Na biyu saurayi ne daga Mararaba, ya zo da injin haya a kafaɗa, irin babban nan da ake tsaga katako da shi a daji. Kuɗin da ya yanka bai kai rabin na dattijo ba, amma da yake baki ya saba, sai na ƙara tayawa ƙasa. Ya yi shiru, ya dubi itacen, ya ce, "Malam, na sallama, ko don aikin masallaci ne." A daren nan na gaya wa kwamiti, har da ɗan alfahari, cewa na tsimin kuɗin Allah.

Ranar aiki ya zo da ƙaninsa ɗan ƙaramin yaro da igiya ɗaya, irin ta ɗaurin kaya a mota. Ya tuɓe silifa ya hau, ya jawo injin sama. Rassa uku ko huɗu suka sauko lafiya. Da ya kai ga babban reshen da ke kan rufin maƙwabci, sai ya kwance igiyar daga kugunsa ya ɗaura wa reshen, ya rataya ta a wani reshe na sama, ya jefa wa ƙaninsa ƙarshenta ya riƙe. Reshen yana rabuwa da uwarsa ya fizge igiyar daga hannun yaron, har ta saɓule masa tafi, ya yi lilo ya daki inda saurayin yake tsaye. Ya faɗo kan kwanon rumfar alwala, daga nan zuwa ƙasa. Injin ya faɗi gefe yana ta kuka. Cinya ta karye, haƙarƙari biyu suka fashe. Allah ya sa da sauran shan ruwa.

Bayan mun dawo daga asibiti jama'a suka yi ta ba ni haƙuri, kowa da irin tasa. Wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ya ce ai sana'arsa ce, shi ya san ta, ba ni na tura shi sama ba. Wani ɗalibin ilimi ma ya kawo mini hujja mai ƙarfi: akwai hadisi a Muwaɗɗa da Bukhari da ya nuna ba a bin diyya a kan rijiya da ramin haƙar ma'adini, kuma masu sharhi sun fassara cewa idan ka ɗauki baligi mai hankali haƙar rijiya da lada, ta rufta da shi, ba a kama ka. Gaskiya ya faɗa. Da za a kai ni gaban alƙali, da wuya ya ci ni tara. Dokar ƙasa ma, wadda aka yi a 2010 kan biyan diyyar ma'aikata, wadda asusun NSITF ke kula da ita, da wuya ta iso ga wanda aka ɗauka da baki a gindin itace, ba takarda, ba sunansa a kowane littafi.

To amma na kasa barci, kuma abin da ya hana ni shi ne tambayar da nake so mu duba tare: idan mutum ya yarda da bakinsa zai yi maka aiki mai haɗari a kan kuɗi kaɗan, yardar tasa ta wanke ka?

Ni dai atamfa da shadda nake sayarwa, kuma na san abin da ake nufi da yarda a kasuwa. Idan mai saye ya matsa mini, daga riba nake ragewa. Idan ya kai ga uwar kuɗi, in ce albarka, ya ƙara gaba, kayana suna nan ba su ruɓe. Sai na zauna na yi lissafin saurayin nan. Hayar inji ba ta raguwa don na iya ciniki. Fetur da baƙin mai ba su raguwa. Kuɗin mota daga Mararaba zuwa Wuse ba ya raguwa. To daga ina ya rage mini? Daga babban mutumin da zai tsaya masa a ƙasa, daga igiya ta biyu, daga kwana na biyu da zai ba shi damar yin aikin a hankali. Duk nairar da na tsima daga nan ta fito. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne igiyar nan guda ɗaya. Da ya zama dole ya zaɓa tsakanin kugunsa da kwanon maƙwabcina, kwanon ya ɗaura wa, domin ya san idan rufi ya fashe za a riƙe masa kuɗinsa, idan kuwa shi ya faɗo za a ce ƙaddara.

Ƙaddara gaskiya ce, ba na ja da ita. Amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya fara ɗaure ta tukuna. Mun iya kawo wannan idan maganar kulle shago ce. Ba wanda yake barin shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce tawakkali. Sai a kan jikin ɗan wani ne muke tuna cewa komai rubutacce ne. Haka kuma hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari ya hana ɗora wa wanda ke ƙarƙashinka aikin da ya fi ƙarfinsa, ya ce idan ka ɗora masa to ka taimake shi. Hukuncin alƙali yana da iyakarsa, yana duba abin da za a iya kafa wa shaida. Abin da mutum ya sani a ransa lokacin da yake ciniki, wannan ba alƙali ke tambayarsa ba.

Ni kuwa na sani. Dattijo ya gaya mini dalilin kuɗinsa dalla-dalla. Na ga saurayin ya tuɓe takalmi, na ga igiyar ɗaya ce, na ga ƙanin nasa bai kai ya riƙe tunkiya mai gardama ba. Ina tsaye da carbi a hannu ban ce uffan ba, domin da na yi magana, maganar ƙarin kuɗi za ta biyo baya.

Dole muka koma ga dattijo ya ƙarasa aikin, a kan kuɗinsa na farko, ban taya ba. Kwana biyun nan na bar wa yara shago na zauna ina kallo. Sai da aka ɗauke wuta ya hau. Yana sanye da hular kwano da ɗamara mai riƙe kugu da cinyoyi. Igiya ɗaya ya rataya can sama a mararrabar reshe mai ƙarfi, ita ke ɗauke da shi. Wata gajera ya zagaya wa jikin itacen, ya ce ba ya tayar da inji sai yana ɗaure ta wuri biyu, domin ko sarƙa ta tsinke ɗaya, ɗaya tana nan. Igiyar sauke rassa kuma daban take, tana bi ta wani ƙarfe mai taya a sama, ta sauko ta naɗe gindin itacen sau biyu ko uku kafin ta kai hannun mutumin ƙasa. Naɗin ne ke shanye nauyin, mutum yana sassautawa kawai. Ya ce mini, "Malam Liman, guntun ɗanyen itace mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 40 ya haura kilo 100, ya fi buhun siminti biyu. Idan kuma ya ɗan faɗo kafin igiya ta tare shi, fizgarsa ta ninka haka. Wane hannu ne zai riƙe?"

Ƙanana ƙanana yake yankawa, daga rassan ƙasa zuwa sama, sannan kan itacen, sannan jikinsa gunduwa gunduwa. Duk inda yake so abu ya faɗi, sai ya fara buɗe masa baki ta wannan gefen, ya zagaya ya yanka ta baya, ya bar ɗan nama a tsakani wanda zai riƙe shi ya juya a hankali kamar ƙofa. Ƙaramin inji yake hawa da shi, babban yana ƙasa don datsa gungume. Ya nuna mini cewa sarƙar tana gudun wajen mita 20 a sakan ɗaya, kuma idan saman hancin injin ya taɓi itace yana harbi kamar jaki, ya yo kan fuskar mai riƙe da shi. Shi ya sa ake yi masa birki, shi ya sa kuma ba a ɗaga shi sama da kafaɗa. 'Yan kallo duk ya kore mu nesa. A Ingila ma ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce ba a hawa itace da inji sai da horo, kuma sai akwai na biyu a ƙasa wanda zai iya hawa ya sauko da mutum idan ya ji rauni a sama.

Kada a ce wannan tsirfar Turawa ce. A ƙauye mun ga masu ɗora amya da masu hawan kuka, waɗanda ke kafa turaku a jikinta ɗaya bayan ɗaya kafin su taka. Masu sassaƙa na da ba su tunkarar babban rimi da garaje, wai saboda iskoki. Aƙidar ba daidai ba ce, amma ta sa suna yin aikin da natsuwa. Mu mun yar da tsoron iskoki, muka haɗa har da natsuwar, ga kuma inji a hannu wanda ke yin aikin wuni guda na gatari kafin a sha shayi.

Ma'ajin kwamitinmu ya yi mini wata magana da ban raina ba. Ya ce idan kowa ya ce sai mai cikakkun kaya, waɗannan samarin me za su ci? Kuma talakan da itace ya sunkuyo wa ɗaki, ba shi da kuɗin dattijo, ya zauna ya jira ya faɗo masa? Ya ƙara da cewa ko ka ƙara wa yaro kuɗi, wa ya ce igiya zai saya, ba kuɗin haya zai biya ba? Duk haka ne. Ban ce a kori samarin ba, kuma wanda ba shi da hali hukuncinsa daban ne da namu da muke da kuɗi a asusu muka zaɓi araha. Abin da na ce masa shi ne, mai ba da aiki yana da baki kafin a hau. Yana iya tambaya igiya nawa aka kawo, wa zai tsaya a ƙasa, an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba, ya kuma biya kuɗin amsar. Idan itacen na layi ne, maƙwabta su yi karo-karo, yadda muke yi wa taransifoma idan ta lalace ba tare da an roƙe mu sau biyu ba. Na so ma kwamiti ya sayi igiya da ɗamara a riƙa ba da aro, dattijo ya hana. Ya ce wanda bai iya ƙulli ba, ɗamara ƙarfin hali kawai za ta ƙara masa ya hau inda da ba zai hau ba.

Kuɗin asibiti kwamiti ya biya rabi, na biya rabi daga aljihuna, kuma jimillar ta fi abin da na tsima nesa ba kusa ba. Saurayin ya yi wata huɗu a kwance. Da na je duba shi na ce, "Ɗana, ka yafe mini," sai ya ce, "Haba Malam, ai ba ka yi mini komai ba." Ya tashi yana ɗingishi, hawa kuma ya ƙare masa. Na roƙi dattijo ya ɗauke shi cikin masu riƙe igiya a ƙasa, ya ce zai gwada shi.

Yanzu a layin bayanmu akwai wani mangwaro da ya fara karkata kan katangar wata makarantar yara. Na ji mai gidan ya kira masu aiki har biyu, ya ce na farkon ya cika tsada. Mun yi da shi zan shiga wurinsa ranar Juma'a bayan La'asar.